Farantin Da Na Ƙi Taɓawa A Birmingham

Tun da na dawo daga Ingila ban sami sukuni a bakin shagona ba. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "To Malam Sabo, yaya ƙasar Turawa?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kullum ina gyara shi ta wajen da zan fito mutumin kirki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, har da wuraren da ban kyauta ba. Ni tela ne a Fagge, karatuna na boko bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Nasiru ne sanadi, ɗan ƙanena marigayi, wanda ya tashi a hannuna. Ya sami tallafin karatu ya tafi Manchester, ya gama, ya kama aiki a can. Wata rana ya bugo waya ya ce ya ga matar aure. Sunanta Magda, ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta mutanen ƙasar Poland ne amma a Birmingham ta girma. Kirista ce. Na je wurin malaminmu, ya ce addini bai hana ba. Dangi suka yi 'yan maganganunsu, daga baya kowa ya haƙura. Abu ɗaya ya rage. Uwar yarinyar, Irena, wadda mijinta ya rasu, ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da ba ta ga danginsa da idonta ba. Ita kuma Magda ta ce ba ta aure sai da yardar uwarta. Wannan ya burge ni, don mu ma haka muka tashi. Sai aka ce ni zan je. Aikina ɗaya ne: in samo wa Nasiru yardar matar nan.

Mai ɗakina, Hajiya Rabi, ta cika mini jaka da yaji da kuka da daddawa da garin ɗanwake. Nasiru ya ja mini kunne a waya, ya ce, "Baffa, ban da nama. Ba sa bari." Na ce to. Da ya kashe wayar na aika aka sayo mini kilishi, na naɗe shi cikin babbar rigata ta zuwa gidan surukai, na danna a ƙasan jaka.

Daga Kano muka sauka Alƙahira, aka canja mana jirgi. A nan na ɓata cikin filin jirgin, ina ta bin wasu mutane masu jallabiya ina zaton tafiyarmu ɗaya, ashe su Jidda suka nufa. Wata 'yar kasuwa Bayarabiya ce ta ga ina zare ido, ta duba takardata, ta ja ni har ƙofar da ta dace tana yi mini faɗa kamar ƙanenta. Ban ma tambayi sunanta ba. Allah ya saka mata.

A Manchester wata ma'aikaciya ta karɓi fasfona ta tambayi abin da ya kawo ni. Na harhaɗa mata ɗan Turancina na tela, ta yi murmushi ta buga hatimi. Na ce a raina ashe abin babu wuya. Ina tura jakata sai wani jami'i ya tsayar da ni, ya ce ko ina ɗauke da nama. Na dube shi ido cikin ido na ce babu. Ban rufe baki ba sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata, ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka warware babbar rigata a gaban jama'a, kilishi ya zubo. Suka jefa shi a kwandon shara, suka yi mini gargaɗi cikin ladabi. Daddawar kuwa jami'in ya shinshina ya kau da kai, ya mayar mini da sauri. Wallahi ban ji zafin kilishin kamar yadda na ji zafin ƙaryar ba. Dattijo da furfura, kare ya tona masa asiri.

Nasiru na jirana a waje da wata rigar sanyi mai nauyi kamar katifa. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar Turawa, na ji daɗin haka. Amma Hausarsa ta gauraye. "Baffa, sannu da hanya. Bari mu kama taxi, flat ɗin ba nisa, in ka huta gobe sai mu je shopping." Na ce, "Kai Nasiru, rabin maganarka sai an nemo mini tafinta."

Unguwarsu Whalley Range ake ce mata. Motar ta tsaya a gaban wani makeken gida irin na attajirai. Na ce, "Masha Allahu, duk naka ne?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe gidan an yayyanka shi ne kamar yadi, kowa da ƙyallensa, nasa ciki da falo ne can sama kusa da rufi. Mutane na zaune bango ɗaya amma ba wanda ya san sunan wani. Kashegari da hantsi Nasiru ya tafi aiki, na ga ɗakin yana warin danshi, sai na kunna turaren wuta. Ba a jima ba wani abu a jikin silin ya fasa ƙara kamar ana yanka akuya, gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Kowa ya fito waje cikin yayyafi, har da wani tsohon Bature rungume da kyanwarsa. Na fito da kaskon turaren a hannu yana hayaƙi, ba sai an nemi mai laifi ba. Abin mamaki, daga ranar tsohon nan ya fara gaishe ni. Duk sanda muka haɗu a matakala sai ya shaƙi iska ya nuna silin, mu yi dariya.

Ranar Juma'a muka hau bas zuwa Longsight. Can ne na ji kamar na sha iskar gida: masallatai, mahauta Musulmi, kasuwa mai kuɓewa da doya da attaruhu. Bayan salla 'yan Arewa suka kewaye ni, yawancinsu ɗalibai, kowa Baffa, Baffa. Wani ya ja mu gidansu a Fallowfield, aka yi mana tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo. 'Ya'yansa da aka haifa a can suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, ta hanci. Muna cikin ci na tambayi wani ɗalibi da ke gefena, a hankali don kada Nasiru ya ji, ko me mutanen Poland suke ci. Ya ce, "Baffa, su fa alade ne rabin abincinsu. Ko albasa za su soya, da kitsensa suke soyawa."

Maganar nan ta shige ni ta zauna. Abin da ya kamata shi ne in juya in tambayi Nasiru, ga shi nan kusa da ni. Ban tambaya ba. Na haɗiye ta, na tafi da ita gida.

Ran Asabar muka kama hanyar Birmingham a wata babbar bas mai banɗaki a ciki. Hanya shimfiɗe, ba rami ba shinge, sai tumaki masu ƙiba a cikin ruwan sama ba mai kiwonsu. Na fito da gurasar da na saya a Longsight da dabino, na yi ta turawa. Nasiru ya ce, "Baffa, ka bar wuri fa. Mama Irena tun jiya take girki." Na ce masa gyambon cikina ne ba ya son yunwa. Ba ni da wani gyambon ciki. Cika cikina nake yi da gangan.

Gidan Irena ƙarami ne, a cikin jerin gidaje masu kama ɗaya. Ita ta buɗe ƙofa: gajeriya, kakkaura, gashinta fari, da ɗan garin fulawa a gwiwar hannunta. Ta miƙo hannu, sai ta tuna, ta janye ta dafa ƙirji kamar yadda aka koya mata. Ta nuna mini wasu silifas masu gashi-gashi a ciki, sababbi fil. Ashe al'adarsu ce, baƙo ya cire takalminsa a ba shi na gida. Haka na shiga, babbar riga har ƙasa, ƙafa cikin silifas kamar na taka zomaye biyu. Magda ta rusuna ta ce, "Baffa, sannu da zuwa," da Hausa, har na waiga in ga wa ya yi magana. Akwai kuma wan Irena, Marek, direban bas, ƙato mai yawan dariya.

Na gabatar da abin da na zo da shi: turmin atamfa, doguwar rigar da na ɗinka da hannuna, alawa da goro. Nasiru ya bayyana musu matsayin goro a neman aure. Marek ya ɗauki guda, ya jefa shi baki gaba ɗaya. Na ga fuskarsa ta tattare, idonsa ya kawo ruwa. Nasiru ya ce masa ya tofar ba komai. Ya girgiza kai, ya tauna, ya tauna, ya haɗiye, sannan ya ɗaga mini babban yatsa. Na yi dariya a lokacin. Daga baya in na tuna ba dariya nake yi ba.

Aka ce a taso tebur. A nan na fara ganin abincin da zai zame mini jarrabawa. Su pierogi suke ce masa, ni bakina firogi ya iya. Kwaɓin fulawa ne ake murzawa ya yi fele-fele, a yanka shi zagaye da bakin kofi, a zuba haɗi a tsakiya, a ninke shi kamar jinjirin wata, a matse bakin da yatsu, a jefa a tafasasshen ruwa. Wani an cusa masa dankalin Turawa da farin cuku, wani nama, wani kabeji mai tsami da laimar kwaɗi, wadda a wurinmu ko kallo ba ta ishe mu ba amma su abin marmari ce. An barbaɗa soyayyar albasa a kai, yana ta sheƙin maiƙo, ga wani farin abu kamar kindirmo mai kauri a gefe. Ni kuwa maiƙon nan kawai nake kallo, maganar ɗalibin nan tana yi mini amsa-kuwwa.

Irena ta cika farantina da kanta, ta koma kujerar da ke fuskantata ta zauna, ta haɗa hannuwa, ta zuba mini ido tana murmushi.

Ku da kuke karantawa kun san yadda muke. In baƙo ya zo, a kai masa abinci a rufe, mai gida ya fita ya ba shi wuri. Kallon mutum yana cin abinci rashin ta-ido ne. Balle gidan surukai, balle a gaban uwar yarinya, ran farko. Sai na zauna ina jira ta tashi ta fita. Ita kuma, ashe a wurinsu ba mai ɗaga cokali sai babban baƙo ya fara, kuma mai girki ba ta da wani lada da ya wuce ta ga ana ci ana neman ƙari. Ina jiranta, tana jirana. Tururi ya yi ta tashi har ya daina. Marek ya kalli farantinsa, ya kalle ni, ya haɗiyi yawu.

Nasiru ya taɓa ƙafata ta ƙarƙashin tebur. "Baffa, bismillah. Kai ake jira."

Na ce, "A gaban surukai? Zaman Turai ya mantar da kai tarbiyya?"

"Baffa, don Allah, ko guda ɗaya. Nan ba haka ba ne."

"Ka ce mata na gode, a ƙoshe nake."

Bai fassara ba. Sai na faɗa da kaina da Turancina, har da dafa ciki. Murmushin Irena ya tsaya a fuskarta kamar an manta da shi a can. Ta ce wani abu, ta turo farantin kusa da ni kaɗan. Na ɗauki kofin ruwa na kurɓa, na ajiye. Ta miƙe a hankali, ta ɗauke farantina, ta shige kicin. Muka ji famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba.

Jawabin da na kwana ina shiryawa, Marek na yi wa, Nasiru na fassarawa murya ƙasa-ƙasa. Da Irena ta fito idonta ya yi ja. Ta saurari ƙarshen maganar a tsaye, ta ce za ta yi tunani. A bakin ƙofa ta danƙa wa Nasiru wata roba cike da firogi, ba ta dube ni ba.

A bas Nasiru ya jingina kai da gilashi, bai ce mini uffan ba har Manchester. Yaron da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Da muka isa na kira Hajiya Rabi na ba ta labari yadda zai yi mini daɗi: mutane ba su san kunya ba, sun tsare ni da ido kamar mai wasan kura. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, kunya ce ko ƙyama?"

Na ce, "Hajiya, ba na jin ki sosai, layin ba kyau."

Ta ce, "Ni kuwa ina jin ka rangaɗaɗau."

Bayan 'yan kwanaki Magda ta zo Manchester daga wurin aiki, ko kayan asibiti ba ta cire ba. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa kamar 'yar gida. Ta yi magana, Nasiru ya fassara. Ta ce tun da aka sa ranar zuwana uwarta ta sayi sabuwar tukunya, da sabon katakon yanka, da sabuwar sandar murza fulawa, don kada abincina ya haɗu da abin da ya taɓa alade. Ta hau bas ta je unguwar Musulmi ta sayi nama a wurin mahaucinsu, ta tsare shi da tambayoyi har layi ya taru a bayanta. Albasar da man shanu ta soya. Yatsunta suna fama da sanyin ƙashi, amma ta ƙi yarda kowa ya taya ta matse bakin firogin, ta ce na surukai ne.

Na ce, "To me ta yanke?"

Magda ta sunkuyar da kai. Nasiru ne ya faɗa, don ya riga ya sani. "Ta ce a'a, Baffa. Ta ce idan babbanmu bai iya cin abin da ta dafa ba, to ranar da Magda za ta yi mana girki fa? Ta ce ba za ta kai 'yarta gidan da za ta riƙa ajiye abinci ana kallonsa ba."

Ita Magda ta ce har yanzu tana kan bakanta, ba za ta tsallake maganar uwarta ba. Na bayyana mata al'adarmu ta kunyar surukai, ta saurara da kyau, ta ce za ta faɗa wa uwarta. Amma ina bayanin ina jin muryar Hajiya Rabi. Kunyar gaskiya ce, ba ƙirƙira na yi ba. Sai dai na sa ta a gaba ne na ɓuya a bayanta. Wanda kunya kaɗai ke damunsa ba ya cika cikinsa da gurasa tun a hanya.

Da safe Nasiru ya fita aiki ko shayi bai sha ba. Na buɗe firiji na ga robar nan. Na taɓa ganin ya soya sauran a kasko da man shanu, ya ce haka ake yi wa wanda ya kwana. Na soya kaɗan, bayansu ya yi ja ya yi ƙamas-ƙamas. Na ci a tsaye. Na sake soya wasu. Ina cikin lasar yatsa abin ya dake ni: ga ni ina cin abincin baiwar Allah a ɓoye kamar ɓarawo, bayan na ƙi ci a gabanta. Da Nasiru ya dawo na ce masa ya sayo mana tikiti, ran Asabar za mu koma. Ya ce, "Baffa, ba ta gayyace mu ba." Na ce, "Na sani. In ta rufe ƙofa, ta yi daidai."

Ba ta rufe ba. Magda ta sanar da ita muna tafe. Ta buɗe, ta gaishe ni ba yabo ba fallasa, ta nuna mini silifas ɗina. Amma maimakon tebur sai ta kai ni falo ni kaɗai. Ta fita ta dawo da tire: faranti a rufe da wani farantin, ruwa, cokali mai yatsu. Ta ajiye a gabana, ta ɗan rusuna, ta ja da baya ta fita, ta jawo ƙofa. Na ji tana kora su Nasiru sama.

Na zauna ni da faranti. Ga abin da na nema, an yi mini shi daidai kamar a Kano. Matar da na ɓata wa rai, a cikin gidanta, ta ajiye al'adar iyayenta ta ɗauki tawa, kuma ba ta ma san ko zan ci ba. Na buɗe farantin, tururi ya bugi fuskata. Na ɗauki cokali na kasa kai shi baki.

Sai na miƙe, na ɗauki farantin da hannu biyu, na bi ƙarar da nake ji har kicin. Ta ba ni baya tana murza fulawa. Na yi gyaran murya, ta juyo. Na tsaya a gabanta, na yi bismillah a fili, na datsa guda da gefen cokali kamar yadda na ga Nasiru na yi, na dangwali kindirmon nan nasu, na kai baki. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, gumi na bin bayana cikin sanyin nan. Na dankali da cuku ne. Fatar laushi, cikin ɗumi, ɗan tsami-tsami, zaƙin albasa na biye. Na cinye na ɗauki na biyu. Ta tsaya tana kallona, sandar murza fulawar na hannunta.

Turancina gurgu ne, nata ma ɗingishi yake yi, amma sai ga shi mun fi fahimtar juna a kan in yara na fassara mana. Na ce mata rannan ba kunya kaɗai ba ce. Na ce tsoro na ji, na zaci akwai alade, kuma ban tambaya ba. Na ce laifina ne.

Ta ce, "Da ka tambaya."

Na ce, "Da na tambaya."

Ta ajiye sandar, ta jawo kujera da ƙafa ta nuna mini. Kafin in zauna ta ƙara mini wasu a farantin. Na ce ya isa, ta yi kamar ba ta ji ba. Nan na gane a wurinsu "ya isa" ba ta aiki sai mai girki ta ga dama. Ta ba ni na nama, ta ba ni na kabeji, har laimar kwaɗin na ci, kuma ga ni da raina. Ta ce da damina har da 'ya'yan itace suke cusawa su ci da sukari. Ta ce a jajibirin Kirsimeti mata kan taru su yini suna naɗawa suna gulma, kuma a kan tebur akan bar faranti ɗaya ba mai shi, ko wani baƙo zai ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce mata mu ma ba a wanke tukunyar tuwo ƙarƙaf saboda mai zuwa.

Na leƙa tukunyarta na ga yadda suke nutsewa, can kuma su taso saman ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ai wannan ɗanwake ne ya yi karatun boko!" Na yi mata bayanin namu, yadda shi ma sai ya taso ake tsamewa, a zuba mai da albasa da yaji. Na zaro ƙullin yajin Hajiya Rabi daga aljihu, na nemi izini kafin in barbaɗa, don na koyi tambaya. Ta miƙo nata ta ce a sa mata. Ta ci, ta yi tari har da hawaye, ta sha ruwa, ta sake miƙowa.

Daga nan ta ɗora mini zagayen kwaɓi a tafin hannu ta ce in naɗa. Na naɗe hannun riga, na ce mata ni fa tela ne, tun ba a haifi Magda ba nake kalmasa bakin riga. Na cusa haɗi da yawa don in burge, na yi wa bakin ado irin na wuyan kaftani. Aka jefa a ruwa. Nata suka taso lafiya. Nawa suka fashe, dankali ya watse, ruwan ya koma kamar kunu. Ta leƙa tukunya, ta dube ni, sai ta tuntsire da dariya har tana dafa bango. Ta tsamo fatun da suka yage ta zuba a farantina ta ce wanda ya ɗinka shi zai sa.

Dariyar ce ta sauko da su Nasiru. Suka tsaya a bakin kicin suna kallonmu: ni da garin fulawa har gemu, ita tana share ido da gefen riga. Irena ta yi wa Magda magana da yarensu, gajeriya, tana nuna ni da ludayi. Magda ta rufe baki da hannu ta fashe da kuka. Na ce, "Nasiru, me kuma na yi?"

Magda ta faɗa masa, shi kuma ya juyo ya ce, "Baffa, ta ce wannan tsohon bai iya rufe firogi ba. Ta ce dole ka riƙa zuwa har ka koya, don ba za a ce danginta ne suke irin wannan aika-aika ba."

Na ce, "Danginta ta ce?"

Ya ce, "Danginta ta ce, Baffa."

An ɗaura auren a wani masallaci a Longsight kafin bizata ta ƙare. Marek ne ya tsaya wa Magda, cikin kaftanin da na gyara masa da keken aro, kuma da aka raba goro ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce zai ci daga baya. A walima an jera shinkafa da ɗanwake da firogi a tebur ɗaya. Irena ta sa atamfarta, ta tsaya a kan ɗaliban nan tana cika musu faranti, har da wanda ya ba ni labarin kitsen alade. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya faɗa. Ni ne na ɗauka ban bincika ba.

Masu tambayata ko akwai sanyi, akwai. Masu tambaya ko na ga dusar ƙanƙara, ban gani ba. Abin da na gani shi ne wanda na rubuta, kuma inda na yi ba daidai ba ina roƙon Allah ya yafe mini, ku ma ku taya ni roƙo.

Kafin in taho na koma Birmingham yi wa Irena sallama. Na ci, ta ƙara, na ci. A bakin ƙofa na cire silifas ɗin nan masu gashi na miƙa mata, na ce na gode da aro. Ta karɓa ta karkaɗe su. Ba ta mayar da su kwandon da take ajiye na baƙi ba. Ta sunkuya ta jera su a kan katakon takalman gidan, tsakanin na Marek da na Magda. Jiya Nasiru ya bugo waya, na tambaye shi. Ya ce suna nan inda ta ajiye su.